Wai zafin nema ba ya kawo samu, to sanyin nema fa?

Akwai karin magana guda biyu da suka daɗe suna min yawo a kai, kuma abin haushin shi ne bakin mutum ɗaya ne yake faɗinsu duka, wani lokacin ma a rana ɗaya. Na farko, mai nema yana tare da samu. Na biyu, zafin nema ba ya kawo samu. Sai ka ji dattijo ya faɗi na farkon da safe yana tashin ɗansa ya tafi kasuwa, da magariba yaro ya dawo ba ciniki sai ya karanto masa na biyun, kuma duk sau biyun kai ake gyaɗawa ana cewa wallahi gaskiya ne, Bahaushe bai bar komai ba. Ni kam na kasa gyaɗa kan in wuce, na san za a ce rashin aikin yi ne ke damuna, ba komai, a faɗa.

Ku duba yadda aka gina na farkon. Ba fa a ce mai nema zai samu ba. An ce yana TARE da samu. Tare kaman yaya? Yaron da ke zama a kantin POS ma ai yana tare da kuɗi tun safe har dare, yana ƙirga su yana ɗaure su da roba, amma in an tashi maigida ne ke zuba su a aljihu. Duk wanda ya fara faɗin maganar nan mutum ne mai wayo, bai yarda ya yi alkawari ba, ya bar wa kansa ƙofar fita, ta yadda ko ka shekara 40 kana nema ba ka samu ba ba za ka iya cin kwalarsa ka ce ya yi maka ƙarya ba, zai ce ai kuna tare, haɗuwa ce dai ba ku yi ba tukuna. Na biyun ma haka. Bai ce nema ba ya kawo samu ba, ya ce zafinsa. Toh a ina nema yake tsayawa zafi ya fara? Fita bayan asuba nema ne ko zafi? Haɗa koyarwa da sayar da data da noman rani fa? Ba wanda zai gaya maka tun kana ciki, ba mudu ba sikeli, sai ka faɗi tukuna a ce ai dama ka cika zafi.

Siyasa ce ta fi nuna wannan ƙarara. Marigayi Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 ya faɗi, 2007 ya faɗi, 2011 ya faɗi, kuma a lokacin akwai masu cewa malam ya haƙura mana, mulki na Allah ne, zafin nema ba ya kawo samu. Da 2015 ta zo ya ci, sai maganar ta juya, aka koma ba yara labarinsa a matsayin misalin naci, kun gani ko, mai nema yana tare da samu. Atiku kuma tun 1993 yake nema, tun zaɓen fidda gwani na SDP a Jos, ya shiga babban zaɓe a 2007 da 2019 da 2023, kuma yau in ka zauna a majalisar mai shayi a nan Gombe, a Jekadafari ko Tashar Dukku, za ka ji masoyansa suna jan karin magana na farko, 'yan adawarsa suna jan na biyu, a kan mutum ɗaya, a kan aiki iri ɗaya. Ba siyasar kowa nake yi ba don Allah, kar a zo min da wannan. Abin da nake nunawa shi ne karin maganar ba ta san komai a kan gobe ba, jira take a sanar da sakamako sannan ta fito ta ce ai dama na faɗa.

Kuma mu mutanen nan muna da wata kunya game da buri, ba ma son a gan mu muna so. Shi ya sa ɗan siyasa ba ya cewa ina son kujerar nan, sai dai ya ce jama'a ne suka matsa min lamba, na amsa kiran al'umma. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, amma sai ka ji wai ƙungiyar matasa ko ta manoma ce ta yi karo-karo ta saya wa wane, shi bai ma sani ba bawan Allah. Akwai tushen abin a addini, hadisi ne ingantacce da aka hana mutum roƙon shugabanci, sannan muna da misalin Abubakar Tafawa Ɓalewa da kullum ake ba mu, malamin makaranta daga Bauchi da ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966 bai tara dukiya ba, kabarinsa na nan a Bauchi ana kai 'yan makaranta ziyara. Irin mutumin da muke so kenan, wanda girma ya zo ya same shi. Amma kuma mu ɗin ne dai muke zagin wanda ya zauna yana jira, mu ce masa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Bari in ba ku wanda na gani da idona. Ina da Baffa da ke harkar hatsi a Tudun Hatsi, tsohon ɗan kasuwa ne, irin masu sayen masara da wake da kaka lokacin da manomi ke neman kuɗin biki da na biyan bashin taki, su zuba magani su jibge a sito, sai damina ta kama kaya sun yi tsada su fito da su. Shekarar da abin ya yi masa kyau har Umara ya je, ya dawo yana zaune a kan buhu yana kaɗa carbi yana ce mana, "Ku yaran yanzu kun fi son kwanciya, himma ba ta ga rago." Hammana, wato ɗan yayansa, ya ji wannan huɗuba ta shige shi, shekara ta zagayo ya sayar da mashin ɗinsa ya ƙara da kuɗin adashin matarsa da ɗan rance, ya sayi masara ya ajiye, a sito ɗaya ma da na Baffan, dillali ɗaya, 'yan dako ɗaya. Sai farashi ya ƙi tashi, ƙarshe ma ya sauko ƙasa da yadda aka saya, ga kuɗin sito ga na magani ga masu bashi suna sallama tun da sassafe. Ranar da ya je ya faɗa wa Baffa zai karyar da kayan ya biya mutane, ina wurin, Baffa ya kalle shi ya girgiza kai ya ce, "Ai na so in gaya maka, kwaɗayi mabuɗin wahala." Hamma bai ce komai ba sai "Haka ne Baffa, Allah ya sa haka ne mafi alheri," don ba a musu da babba. Shi ma fa Baffan ya yi asara a shekarar, har ta fi ta Hamma yawa, sai dai shi yana da abin da zai jure, don haka tasa sunanta ƙaddara.

Tun daga nan na lura muna da kalmomi kala biyu na abu ɗaya. In ka samu, himma ce, ƙwazo ne, zuciya ce, naci ne, a ce wane ba ya wasa. In ka rasa, kwaɗayi ne, zalama ce, haɗama ce, dogon buri ne, son a sani ne, ka ɗauko Dala ba gammo. Kuma yawanci mai ƙarfi ne ke raba sunayen.

Maganar himma ba ta ga rago ɗin nan ma, yadda ake rubuta ta a sitatus na WhatsApp, "himma bata ga rago", wallahi kullum sai na ga kaman wata baiwar Allah ce mai suna Himma ta je kasuwar dabbobi ana gobe Sallah ta dawo hannu rabbana. Wannan kam shirme ne nawa, mu wuce.

Zomo shi ne abin tausayi a duk harkar nan, ban san me ya yi wa Bahaushe ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na farkon dai mai tarko zai ƙaryata shi, don shi ɗanawa yake ya koma gida ya kwanta, amma a bar wannan, za a ce ai ɗana tarkon ma tashi ne. Na biyun ne ya fi tsaya min a wuya. Kowa? Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta da rani ya san wa ke gudun. Kare ne. Shi ke shiga ƙaya, shi ke haki harshe a waje, in an kama a ƙwace a rataya, a gida a jefa masa kayan ciki in an ga dama, naman kuma maigida da baƙonsa da ko takalmi bai cire ba su za su ci da yaji. Kenan akwai wanda ya ci zomo bai ci gudu ba, akwai kuma wanda ya ci gudu bai ci zomo ba, kuma na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba, je ka ga masu dakon buhu a kasuwa ko matan da ke tsinkar wake a gonar wani ana biyansu da yamma. Abin da ya sa nake jin zafin wannan shi ne an fi jin ta a bakin wanda ya riga ya ƙoshi, da ita yake wanke dukiyarsa, yana nufin duk abin da kuka gani a hannuna guduna ne, ku ma da kun yi gudu da kun samu. Wani da gaske ya yi gudun, ban hana ba. Wani kuwa gado ya tarar, wani kawunsa ne ya kira waya aka ba shi kwangila.

Sai kuma waɗanda muke yanke wa wutsiya. Kowa ya san sannu ba ta hana zuwa, ana rubuta ta a bayan tirela da Keke Napep, ana faɗa wa ɗalibin da ya maimaita aji. Amma cikonta fa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan cikon shi ne rabin maganar, kuma shi ne rabin da ke da ciwo. Mu a Gombe ai mun san shi a aikace. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980 aka gina ta, da niyyar noman rani da ruwan sha da wutar lantarki, amma wutar nan mai megawat 40 sai da aka haura shekara 30 kafin ta samu. An je ɗin, ba a ce ba a je ba. Sai dai wanda aka haifa lokacin da ake ginin har ya yi aure ya aurar kafin a je, wasu da suka yi ta jira sun riga mu gidan gaskiya. Ta Kafin Zaki a Bauchi kuwa tun zamanin Shagari ake maganarta, ita har yanzu tana cikin sannun. Don haka in babba ya ce min sannu ba ta hana zuwa ya yi shiru, ni a zuciyata nake ƙarasa masa, ba na faɗa a fili dai don ina son zaman lafiya.

Hangen Dala ba shiga birni ba, ita ma an fi amfani da ita wajen kashe wa mutum gwiwa, ka zo da murnarka an kira ka intabiyu sai a watsa maka ita. Asalinta a fili yake, dutsen Dala a cikin ganuwar Kano yake, matafiyi da ayarinsa zai hango shi tun daga nesa alhali da sauran tafiya a gabansa. Gaskiya ce. Lokacin da aka zo Kolmani a Nuwamban 2022, a kan iyakar Bauchi da Gombe, aka ƙaddamar da haƙar mai, aka yi maganar matatar mai da kamfanin taki da tashar wuta, samari nawa ne a nan suka fara lissafin aikin da za su samu, har da masu tambayar wane kwas ya kamata su koma su karanta? Dattawa suka ce hangen Dala, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ni abin da nake cewa, wanda ya hango Dala ai ko ba komai ya kama hanyar Kano, ya wuce Dukku ya wuce Darazo, ba ɗaya yake da wanda ke kwance a ɗaki yana ba da labarin birni ba. Karin maganar ba ta ce hange laifi ba ne, cewa ta yi kar ka sauke kaya tukuna. Mu ne muka mai da ita sandar dukan mai hange.

Wadda ta fi hana ni barci dai ita ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Da ina yaro na ɗauke ta maganar lallashi, kuma haka akasari ake nufi, wato abin da Allah ya rubuta naka ne ba zai tsere maka ba, ko ba ka iya hawa bishiya ba zai faɗo ya same ka a inda kake. Daɗin ji. Amma juya ta ka gani. In rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kenan duk abin da ke sama ba rabon kwaɗo ba ne, kenan kai kwaɗo ka daina ɗaga kai, naka na nan ƙasa cikin taɓo. Magana ɗaya, tana iya zama albishir tana iya zama rufi a kanka, ya danganta da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Sannan wa ya ce ni kwaɗo ne? Wannan ai ba a tambaye ni ba.

Ina da ƙanwa, 'yar Goggona ce amma a gidanmu ta tashi, yarinyar nan tun tana firamare take cewa likita za ta zama, ba nas ba, ba malamar asibiti ba, likita. Ta rubuta JAMB makin bai kai na likitanci ba, aka ba ta wani kwas daban a jami'ar jiha ta ce ba ta so, za ta sake. Ranar da ta faɗi haka a tsakar gida kowa da abin da ya jefo. Adda, wato yayarmu, ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, karɓi wanda aka ba ki. Baffa ya ce dogon buri ba kyau ga 'ya mace, ga masu neman aure suna zuwa. Goggo tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke dai ki kwantar da hankalinki, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na kalli yarinyar na ga ita ma ta rasa ta wane gefe za ta ɗauki maganar, uwarta na ce mata za ki samu ne ko tana ce mata ki sauko. Na tabbata da ƙaninta ne namiji ya ce zai sake jarrabawa, cewa za a yi yaron akwai zuciya, mai nema yana tare da samu, a dafa kafaɗarsa. Ita aka tara mata duk na birki.

Har na addini ma sai mun zaɓa. Za ka ji ana cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, wannan fa ba aya ba ce, maganar mutane ce, malamai sun sha yin gyara a kai. Abin da ya zo a hadisi shi ne a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, da misalin tsuntsaye da ke fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, kuma ko su ɗin ai fita suke yi. Dogon burin da ake gargaɗi a kansa a wa'azi kuwa, yadda na fahimta daga malamanmu, shi ne mutum ya manta da mutuwa ya riƙa jinkirta tuba da aikin alheri kaman shi zai dawwama, ba wai yarinya ta ce tana son ta karanta likitanci a jihar da mata ke neman likita mace su duba su ba. Amma da yake kalmar na da nauyin masallaci, in aka jefa maka ita sai bakinka ya mutu.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, da wannan aka rufe taron ranar, Adda ce ta kawo ta. Ban ce komai ba, amma ku lura ba a ce dutsen ya nuna ba, ba a ce ya ci ba, romo aka ce, kuma romon dutse in ba a so a ɓoye gaskiya ruwan zafi ne. Ga kuɗin gawayi yadda yake yanzu.

Bayan kwana biyu da daddare ina shirin rufe ƙofa Goggo ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki ta kunto bakin zani, kuɗi ne a nannaɗe, na adashinta da ta kwasa a makon, har da 'yan ɗari biyu-biyu da suka sha hannu. Ta ce nawa ne fom ɗin jarrabawar da kuɗin lesin ɗin da yarinyar ke magana, na faɗa mata, ta ƙirga ta miƙo min ta ƙara da na mota. Na ce, "Goggo, ba ke kika ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama ba?" Ta ce, "To na ce kar ta rubuta ne? Kai dai ka cika surutu. Gobe ka kai ta ta yi rajista kafin a rufe, kuma kar Baffanku ya ji daga bakinka, ni zan gaya masa da kaina in ya ci abinci."